Ina da ɗan jari amma ban iya ɗinki ba, in buɗe shagon kayan maza?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni saurayi ne ɗan shekara 27, ina zaune a wajen Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Na yi digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, na gama hidimar ƙasa, har yau ban samu aiki ba. Na tara Naira 700,000 daga alawus da 'yan buge-buge, Mama kuma ta ce za ta sayar da zinarenta ta cika min ya kai miliyan ɗaya da rabi. Burina in buɗe shagon kayan maza inda mutum zai zo ya zaɓi yadi da launin zare da irin aikin wuyan da yake so, a auna shi, a ɗinka masa nasa na kansa, har da hular da za ta shiga da kayan. Sai dai ni ko zare ban iya sa wa keke ba. Wani abokina tela ya ce mu haɗa, ni kuɗi shi hannu. Na ga shago mai kyau a bakin babban titi, amma hayar shekara da gyaransa za su ci kusan rabin jarin. Baba kuma bai so, ya ce bai sa ni boko don in ƙare a shagon tela ba, in jira aikin gwamnati. Ina so in buɗe kafin azumi don kasuwar Sallah kada ta wuce ni. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah Ya yi wa nema albarka. Sana'ar da ka hango ta gaske ce, kuma ina goyon bayan ka shige ta. Amma akwai abu uku a wasiƙarka da ban yarda da ko ɗaya ba a yanzu: kada ka kama wannan shagon, kada a taɓa zinaren Hajiya, kada kuma ka buɗe a bakin azumi.

Katsina ba ta rasa teloli ba. Daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga da wuya ka yi 'yar tafiya ba ka ji ƙarar keke ba. Yadi ga shi jibge a Babbar Kasuwa, wanda bai samu abin da ransa ke so ba ya hau mota zuwa Kantin Kwari a Kano ya dawo a ranar. To me mutum zai zo nema wurinka wanda babu a can? Ka je shagon tela a daren jajibirin Sallah ka tsaya gefe ka kalla. Janareta na ruri, yara biyu na ta faman guga da sa maɓalli, magidanta sun jeru a kan benci kowa ya haɗe rai, ɗaya na ta kiran maigidan shagon a waya ba a ɗauka. Wani zai leƙa ƙarƙashin tebur ya hango shaddarsa cikin ledar da ya kawo ta tun watan Sha'aban, almakashi bai ko taɓa ta ba. Wanda ya yi sa'a aka miƙo masa nasa zai je gida ya gwada, ya tarar kafaɗa ta zubo, wuya ya shaƙe shi, aikin da ya zaɓa ruwan toka an yi masa shi da ruwan ƙasa. Haka zai sa da safe ya tafi idi don ba yadda ya iya. Wannan mutumin shi ne kasuwarka. Abin da zai sa ya biya ka, har ya ɗora wani abu a kan farashin gari, shi ne ka ce masa Alhamis, ya zo Alhamis ya tarar da kayansa a ninke, ya sa su zauna masa daidai, kuma abin da ya zaɓa shi aka yi masa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar gilashi da fitilu a bakin titi. Zauren gidanku ko ɗaki ɗaya mai tsabta ya isa, kuma yawancin awon ma kai za ka bi mutane ofis ko gida ka ɗauka. Ma'aikacin banki ko na asibiti ya fi son a same shi inda yake a kan ya nemi lokacin zuwa shago.

Rashin iya ɗinkin bai tayar min da hankali ba. Akwai masu wannan harka da ba su taɓa taka keke ba. Abin da ba za ka iya wakilta wa kowa ba shi ne awo da idon gane aiki. Don haka kafin ka kashe ko sisi, ka nemi dattijon tela wanda ya goge a kayan maza, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna a shagonsa kamar wata uku, kana share wuri, kana miƙa alli da almakashi, kana kallo. Digirinka ba zai ragu ba. Ka lura da yadda yake ɗora tef. Kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi ake ɗaukarta, ta baya. Hannu daga kan kafaɗa zuwa ƙashin wuyan hannu, mutum ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, don in aka auna shi a miƙe riga za ta gaza duk sanda ya kai hannu sitiyari. A wuya kuwa ana sa yatsa cikin tef ɗin a bar wa maƙogwaro wurin numfashi. Sabon shiga yakan auna ƙirji ya manta da ciki, alhali da yawa daga magidantan da ke da kuɗin biyanka cikinsu ya fi ƙirjinsu faɗi, kuma tumbi yana ɗage gaban riga, sai ka ga bayanta ya sauka gabanta ya rataye. Mai irin wannan jiki ta gaba ake ƙara masa tsawo. Ba sai ka yi masa bayani ba, ka rubuta a littafinka ka yi shiru.

Akwai kuma abin da tef ba ya faɗa, sai baki ya tambaya. Wando ya tsaya sama da idon sawu ne ko ya sauka kan takalmi? Mutane sun bambanta a nan, wani saboda addini, wani saboda ado, kada ka yi wa kowa zato. Hannu na linkis ne ko sake? Aljihun gefe zai ɗauki wayarsa da makullin mota ba tare da rigar ta karkata ba? Rigar ta tsaya a gwiwa ko ta sauka irin tazarce? Dattijo yakan so yalwa don ya ji daɗin zama a sallah da kan tabarma, saurayi yana son ta kama jiki. Hula kuma da lambarta, wani 22 wani 23, rabin inci ya isa ya sa zanna bukar ta ƙi zama ko ta faɗo kan kunne. Duk wannan ka rubuta shi a gaban mai kaya, ka karanta masa ya ji, ka ɗauki hoton yadin da zaren da samfurin aikin wuri ɗaya ka tura masa ta WhatsApp ya amsa da "haka ne". Ranar da gardama ta taso, kuma za ta taso, wannan saƙon ne zai raba ku ba tare da an ɗaga murya ba. Littafin nan na awo ka riƙe shi da kyau ka kuma adana kwafinsa a waya, domin bayan shekara biyu shi ne ainihin dukiyar sana'ar: mutum zai kira ka daga Abuja ya ce a yi masa kala biyu irin na bara, ba sai ya tako ba.

Sai yadi. Kada ka zuba kuɗinka a dilar yadi ka jera a kanta kana jiran mai so. Launin da ya burge ka ba lallai ya burge Alhaji ba, kuma yayi yana juyawa da sauri. Ka haɗa kundin ƙyallaye: shadda iri-iri, boyel, yaduka masu nauyi na sanyin Disamba da Janairu, da masu shan iska na zafin Maris zuwa Mayu, kowanne da lambarsa da sunan wanda ke sayar da shi. Mutum ya zaɓa, ya ba da kafin alƙalami, sannan ka sayo. Ka ƙulla amana da mutum ɗaya a Babbar Kasuwa da ɗaya a Kantin Kwari wanda za ka tura wa lamba ya ba direba saƙo a tasha. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki Naira a watan Yuni, farashin yadin da ake shigowa da shi daga waje bai da tabbas, don haka duk kuɗin da ka yanka wa mutum ka gaya masa na 'yan kwanaki ne, in ya jinkirta sai an sake tambayar kasuwa.

Ka kuma san lissafin yadi da kanka. Yadi ɗaya inci 36 ne, mita ta ɗara shi da inci uku da ɗan ɗori, kuma wasu shaddodin da mita ake sayar da su. Kaftani da wando na matsakaicin mutum yakan ci yadi huɗu, dogo ko mai jiki biyar, babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa wajen goma, gwargwadon faɗin yadin. In ba ka san wannan ba, ba za ka gane inda yadi ke zurarewa ba. Ragowar da ta saura bayan yanka ta mai kaya ce, ka ninke ta ka sa masa cikin leda ko ka nemi izininsa.

A kan shadda ina so in ja kunnenka sosai. Gezna ta asali kamfanin Getzner ne ke saƙa ta a ƙasar Ostiriya, kuma kasuwa cike take da masu kama da ita, har tambarin bakin yadin ana kwaikwaya. Mai kama da itan ba laifi ba ce, mutane da yawa ita ce daidai aljihunsu kuma tana yin kyau. Laifin shi ne a sayar da ita da sunan ta asali. Wankin farko ko na biyu zai tona, ƙyallin ya dushe, jikin ya saki, kuma mutumin ba zai dawo ya yi faɗa da kai ba, zai dai faɗa a majalisa bayan la'asar. Katsina gari ne da labari ba ya kwana. Ka ce masa, "Alhaji wannan ta asali ce kuɗinta kaza, wannan mai bi mata ce kuɗinta kaza," ya zaɓa da idonsa a buɗe. In kai ma ba ka tabbatar ba, kada ka rantse a kan abin da ɗan kasuwa ya gaya maka.

Yanzu ga maganar abokinka. Ban san shi ba, kuma ba na zarginsa da komai. Amma "ni kuɗi kai hannu" da baki kawai ta raba abokai da yawa. Watanni kaɗan za ka fara ganin kai ne ka sa dukiya kana kuma yawon neman masu saye, shi kuma zai ga shi ne ke kwana a kan keke bayansa na ciwo, kowa na ganin shi aka ƙwara. Sannan yana da nasa tsofaffin masu kawo ɗinki, in aiki ya cushe wa zai fara yi wa? Irin wannan haɗaka tana da hukunce-hukuncenta a fiƙihu, a babin ƙiradi da na tarayya, kuma sananniyar ƙa'ida ita ce riba kaso ake raba ta, kamar rabi ko sulusi, ba a yanka wa wani adadi tsayayye, in kuma aka faɗi ba da sakacin mai aiki ba to mai kuɗi ne ke ɗaukar asarar dukiya, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Ka ga ke nan nauyin a wuyanka yake. In har wata rana za ku haɗa, ku je gaban malamin da ya san babin ciniki, a rubuta, a sa shaidu.

A yanzu abin da ya fi muku sauƙi shi ne ka riƙa ba shi aiki kana biyan kuɗin hannu a kan kowace riga. Ka biya shi sama da abin da gari ke biya kaɗan, ka biya a ranar da ya miƙo aiki ba gobe ba, shi kuma sharaɗinsa ranar da aka sa ba ta motsi. Telan da ya san kuɗinsa ba ya kwana a hannunka zai ajiye na wani ya yi naka. Kuma kada ka tsaya a kansa shi kaɗai, ka samu na biyu tun yanzu, don ciwo da rasuwa da tafiya ba sa sallama. Ka tuna riga ɗaya hannu nawa take bi: mai yanka da haɗawa, mai aikin keke ko na kwamfuta da ake kira monogiram, mai bugu in shadda ce, mai guga, ga mai hula can gefe. In babbar riga ce ta aikin hannu, irin aska takwas ɗin da aka san Zariya da ita, wannan aikin makonni ne har watanni, kada ka karɓe shi a shekararka ta farko sai ka san hannun da za ka kai wa. Aikinka shi ne bin rigar daga wannan hannu zuwa wancan, kana duba ta a kowace gaɓa: ka juya cikinta ka ga ko an kashe bakin yadin, ka ninka ta biyu ka ga ko aikin wuya ya zauna a tsakiya, ka ɗora tef ka gwada da abin da ke littafi kafin mai ita ya gani. In tela ya ce maka Litinin, kai ka ce wa mai kaya Alhamis. Kwana ukun nan na ɗaukewar wuta ne da gyaran abin da ya karkace.

Wurin sa farashi ne masu farawa suka fi cutar kansu, don suna lissafa yadi da kuɗin hannu su manta da sauran. Ga misali, lambobin nawa ne don ka ga tsarin, kai ka sa na kasuwar ranar. A ce yadi huɗu sun ci 24,000, kuɗin hannu 8,000, aikin wuya 5,000, maɓalli da guga da leda 2,000, man babur da katin waya 2,000. Ka ga 41,000 ke nan ba ka ci ko kwabo ba. Ka ɗora kamar 4,000 na ajiyar gyara, sannan ribarka 10,000, ya zama 55,000. Yanzu ka duba: in riga ɗaya ta lalace a yanka ka sake sayen yadi, ribar riga biyu da ɗoriya ta tafi. Shi ya sa na dage a kan awo. Kafin alƙalami kuma kada ya gaza abin da zai sayi yadi ya biya rabin aiki, cikon a biya kafin kaya su bar hannunka.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe 'yan'uwa da abokai ne za su fara gwada ta. "Haba, ni ne fa, bari wata ya yi." Ka shirya amsarka tun yanzu, mai laushi amma ba ta lanƙwasa: kuɗin ba naka ba ne, na mai yadi ne da na tela. Wanda kake son yi wa alheri ka yi masa ragi a fili ko ka ba shi kyauta ka san kyauta ka yi, ya fi maka bashin da za ka riƙa jin nauyin tambaya a wurin suna da biki. In kuwa dole ta sa ka ba da bashi, rubuta shi; ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka take. Ka yi hattara musamman da manyan odar lokacin siyasa, kala hamsin na magoya baya a biya bayan zaɓe. Wannan ba ta mai jarin 700,000 ba ce.

Na san abin da ya fi ci maka rai shi ne Sallah za ta wuce ka. Bari ta wuce. A azumi ƙwararrun teloli sun riga sun cika, wasu tun kafin a ga wata suke daina karɓar ɗinki, kuɗin hannu ya hau, masu monogiram layi ake bi. Wanda zai karɓi aikin sabon mutum a wannan lokaci, ko dai bai da aiki saboda dalili, ko kuma zai karɓa ya ajiye. Ka fara da saɓa alkawari a Sallar farko, sunan da za ka yi shekaru kana wankewa ke nan. Azumin bana ka yi shi a shagon dattijon nan, a can za ka ga duk inda aiki ke maƙalewa. Bayan ƙaramar Sallah, lokacin da kekuna suka huta, ka ɗinka samfuri uku ko huɗu, ka karɓi aikin mutum kaɗan da ka sani don Babbar Sallah, goma sun isa, ka fitar da su mako guda kafin ranar. Kasuwar kayan maza ba a Sallah kaɗai take ba. Akwai Juma'a kowane mako, akwai Mauludi, akwai Sallar Gani a Daura, ga ɗaurin aure da ba ya yankewa.

Ɗaurin auren nan shi nake ganin ƙofarka ta shiga. Kai sa'an angwaye ne, abokan karatunka yanzu suke aure. Ankon abokan ango aiki ɗaya ne da zai kawo maka mutum goma ko ashirin lokaci guda, kowanne ka ɗauki awonsa da lambarsa, kuma ranar biki hotunansu za su zagaye wayoyi ba ka biya kowa kuɗin talla ba. Sai dai ka sayi yadin duka lokaci ɗaya daga dila ɗaya, don launi ɗaya yakan ɗan bambanta daga wannan dila zuwa waccan, kuma a hoto bambancin yake fitowa. Ka sa ranar rufe karɓar kuɗi, wanda bai biya ba kada ka yanka nasa da kuɗinka don ango ya roƙa.

A Instagram da TikTok da WhatsApp aikinka kawai za ka sa, a jikin mutum na gaske, cikin hasken safe, da hoton kusa na wuya da bakin hannu. Kada ka ɗauko hoton aikin wani ka ce naka ne, za a zo a ce shi ake so, telanka ya kasa. Katsinawa da ke aiki a Abuja da Kaduna da Legas kasuwa ce mai kyau. Wanda ba ka taɓa aunawa ba ka ce ya aiko da rigar da ta fi zauna masa, ya fi awon da zai ɗauka da kansa. Maraɗi ma tana kusa ta hanyar Jibiya, amma ka bar ta sai ka yi ƙarfi. An rufe iyakar nan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024, kuma ƙaramin jari ba ya jure kaya su maƙale.

Ka yi wa sunan sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe mata asusu dabam da na aljihunka, ka yanka wa kanka ɗan albashi kada ka wuce shi. Ka leƙa ofishin SMEDAN da na KASEDA, hukumomin bunƙasa ƙananan sana'o'i na tarayya da na jihar Katsina, ka ji abin da suke da shi na horo ko tallafi, amma kada ka dakatar da komai kana jiransu. Daga 700,000 ɗin nan, samfura da kundin ƙyallaye da tef da rajista ba za su ci rabi ba. Sauran ka raba biyu, ɗaya na juyawa, ɗaya ka kulle don ranar da riga ta lalace.

Zinaren Hajiya kuwa, ka yi mata godiya ka roƙe ta ta mayar da shi inda yake. Ba ado kaɗai ba ne, shi ne abin da ta tanada don ranar ciwo ko auren ƙannenka, kuma yana riƙe darajarsa a lokacin da Naira ke zubewa. In an sayar yau, da wuya kuɗin su sake sayen irinsa baɗi. Tsarin da na zayyana maka ba ya ma buƙatarsa, tunda da kuɗin masu kaya za ka riƙa sayen yadi. Kuma wanda ke juya dukiyar mahaifiyarsa a sana'ar da bai gama sani ba tsoro ne ke yi masa lissafi, sai ya karɓi aikin da ya kamata ya ƙi. Abin da kake buƙata a wurinta yanzu addu'a ce, da kuma ta sa baki wurin Baba.

Shi kuma Baba kada ka yi jayayya da shi, kuma kada ka fara a ɓoye. Tsoronsa ba na banza ba ne: ya ga masu albashi suna da abin dogaro a ƙarshen wata, ya kuma ga shaguna da aka buɗe da walima aka rufe kafin haya ta zagayo. Ka samu ƙaninsa ko amininsa da yake jin maganarsa, ku je tare bayan isha'i. Ka gaya masa ba ka daina neman aikin gwamnati ba, duk gurbin da aka buɗe za ka cika, kuma wannan harka ba ta hana ka zuwa ofis in Allah Ya kawo, tunda ba kai ke kan keke ba. Ka gaya masa ba za a sayar da komai na gida ba, ba za ka ci bashin kowa ba. Sannan ka roƙe shi wa'adin shekara ɗaya, da alkawarin za ka kawo masa littafin shiga da fita ya duba da idonsa duk bayan wata uku. Iyaye da yawa abin da ke damunsu shi ne ganin yaro zai jefa kuɗi a duhu, in suka ga rubutu da tsari sukan sassauta. In ya ce a'a a zaman farko, ka yi haƙuri ka ci gaba da zuwa koyon awo, wannan ba wanda zai hana ka, a sake komawa bayan wata ɗaya.

Bayan Babbar Sallah ka sake rubuto min. Ka faɗa min kaya nawa ka karɓa, nawa suka fita a ranar da ka sa, nawa aka dawo da su gyara, kuma mutum nawa suka dawo da kansu ko suka turo wani. In masu dawowa sun yi yawan da ribarsu kaɗai za ta biya hayar shekara ba tare da ka taɓa uwar kuɗi ba, sai mu yi maganar shago da kuma unguwar da ta dace. Ka gaida Hajiya da Baba.